Kabad Ɗin Takalma da Zuwan Goggo

Goggona, ƙanwar babanmu, ita ta raine ni, kuma tun ina yarinya ba ta taɓa yaba sharata ba. Ko da na yi aure na tare a Doguwa, duk zuwan da za ta yi daga Riruwai sai ta tsaya a ƙofar ɗakina ta dubi tulin takalma ta ce, "Ke dai har yanzu ba ki gyaru ba." Maganar tana ci mini rai. Da ta aiko cewa tana tafe ranar Laraba, sai na ƙudura wannan karon sai ta yabe ni, ko sau ɗaya ne.

Na sa wani kafinta a Tudun Wada ya yi mini dogon kabad mai hawa bakwai, har ya fi maigidana tsawo. Ya rantse mini zai ɗauki takalman mutum talatin.

Ƙarya yake. Ina jin da silifas ɗin jarirai ya auna. Dogon takalmin roba da maigida ke shiga gona da shi ya ƙi tsayuwa a kowane hawa, sai da na kwantar da shi, ya cinye hawa guda shi kaɗai. Sandal ɗin makarantar yara suka cika biyu. Hawa na sama kuwa sai na taka turmi nake kaiwa. Na jera, na sauke, na sake jerawa, na kifa wani kan wani, na mutum goma sha tara kawai suka shiga. Ragowar na ɗure a buhu na tura ƙarƙashin gado ina tsaki.

Na kafa doka: kowa ya cire takalminsa ya shigo da shi a hannu. Maigida ya ce, "Yanzu takalmi ma ɗaki zai kwana?" Ban kula shi ba.

Ranar Laraba na share tsakar gida tas, ƙofar ɗaki fes, ko silifas ɗaya babu. Yara ba su taso daga makaranta ba, maigida yana gona. Na tura ƙofa na ta da sallar azahar.

Ina raka'a ta biyu na ji sallamarta. Na ɗaga murya da kabbara don ta gane ina ciki, amma kunnen Goggo ya yi nauyi. Ta sake sallama. Sai na ji tana ce wa mai babur ɗin da ya kawo ta, "Ba kowa, ɗan nan. Ka ga ko takalmi babu. Mu koma kafin hadarin nan ya sauko."

Ban san yadda na ƙarasa sallar ba. Na fizgi murfin kabad, takalma suka zubo mini a ƙafa, na rasa nawa a ciki. Haka na fita titi ba takalmi, amma babur ya riga ya sha kwana.

A bakin ƙofa ta ajiye mini kwanon man shanu.

Da yamma na kira wayar ɗanta, ya kara mata a kunne. Na yi ta bayani da ƙarfi, ba ta ji ko rabi ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Na zo ba kya nan. Ƙafafun nan kuma ba za su sake bin wannan hanya ba."

Ba ta sake zuwa ba.