Inna Mai Kula Za Ta Ajiye Aiki

Kafin masu shaguna su buɗe, Inna Mai Kula ta riga ta share barandar ƙaramin asibitinmu, ta duba firji, ta jera kwalaben rigakafin mura cikin shuɗiyar kular da ta jawo mata sunan. Daga nan sai ta bi lungu-lungu da ƙafa tana sallama. Haka muka saba ganinta duk shekara in sanyi ya matso. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ta koma wurin ɗanta, ni kuwa tun da na ji hankalina bai kwanta ba.

Autata tana da asma. Murar da yaran wasu ke yawo da ita, ita sai ta sauka mata a ƙirji, mu kwasa sai babban asibiti. Shekarar da Inna ta fara yi mata allurar, ba a daɗe ba sai ga yarinya da majina. Na saɓa ta a kafaɗa, na sami Inna a ƙofar shagon mai aski.

Mai aski ya riga ni: "Inna, ruwan famfo kike tsira mana? Ni ma ga shi ina ta atishawa a ƙeyar mutane."

"Kai dai gashinsu kake shaƙa," in ji ta. Ta ɗora abin awo a bayan yarinyar, ta daɗe tana saurare. "Baban Auta, sunan ne ke ruɗa ku, komai kun ce mura. Akwai ta yoyon hanci, ba ruwan allurata da ita. Akwai mai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, mai kwantar da ƙato, ita nake tarewa. Ita ma ban rantse ba za ta zo ba, amma in ta zo, yawanci da sauƙi. Wannan ta hanci ce. In numfashinta ya canza, kira ni."

A sanyin shekarar kuwa, mai kwantarwar ta shigo unguwa. Tela ya rufe shago, ajin su Auta ya koma rabi. Wasu da aka yi wa allurar ma sun kwanta, sai dai ba su jima ba. Auta ta yi zazzaɓinta, ta warke a kan katifarmu.

Inna, ke ce ba ki taɓa ce mini na cika tsoro ba, alhali na cika. Na ƙwanƙwasa miki ƙofa a kan tarin da bai kai ya kawo ba, kika fito kika duba. Zan yi kewar sallamarki a lungunmu. Allah Ya saka, Ya hutar da ƙafafunki.

An turo sabuwar da za ta maye gurbin Inna, ba ta san gidan kowa ba tukuna. Jama'a, mu kai mata yara da tsofaffi, kada mu jira ta nemo mu. Ke kuma sabuwa, ki riƙa faɗa mana gaskiya yadda Inna ta saba. Gobe zan kai Auta. Ɗazu ta tambaye ni, "Baba, ita ma za ta bari in riƙe mata mayafi in za ta tsira?" Na ce mu je mu roƙe ta.