Saukar Bankwanar Gundi

Gundi Pirchmoser maƙwabciyata ce. In ka ga yadda take jan ƙafar hagu zuwa shagon burodi, ba za ka ce ita ce ta taɓa zama gwanar tseren zamiya a kan ƙanƙara ba. Mu da muka tashi tare a ƙauyen nan na Tirol mun sani. Tun tana 'yar mitsitsiya ubanta ya ɗaura mata katakon zamiya, kuma abu ɗaya ya koya mata: kada ki tsaya. Ƙuruciyarta a otal-otal ta ƙare, daga wannan dutse zuwa wancan. Muna aure da haihuwa, ita tana cikin talabijin. Da ta dawo kowa ya kama gabansa. Ba miji, ba ɗa, sai kofunan gasa cike da kabad.

Abin da ke cin ta kuwa, ni kaɗai na sani. A al'adar 'yan tsere, wadda za ta yi ritaya takan yi saukar bankwana. Ta sa rigar gargajiya, ta gangaro a hankali, tana tsayawa tana rungumar waɗanda suka yi mata hidima. Gundi ba ta samu ba. Gwiwarta ta karye ana tsakiyar tsere, jirgi mai saukar ungulu ya kwashe ta, shi ke nan. Rigar da uwarta ta ɗinka don ranar tana rataye shekara da shekaru.

Ni ke kula da lilon kujeru mai inji da ke kai mutane kan dutsenmu. Bara aka ce za a rufe shi kwata-kwata, wai ƙanƙara ta daina zuba kamar da. Na sami Gundi na ce ke, in ba yanzu ba sai yaushe? Ta ce in raba ta da shirme, wa zai zo? Na ce wannan ta bar mini. Na yi ta buga wa tsofaffin abokan tserenta waya har kunnena ya yi zafi. Wasu sun mutu, wasu jikoki sun riƙe su. Da ƙyar na samo tsoho Wastl, wanda ya horar da ita, da mata biyu da suka yi tsere tare. Ranar da za a rufe lilon suka tsaya a tsakiyar gangara da 'yar kwalbar barasa, suna rawar sanyi.

Gundi ce ta ƙarshe da na ɗora a lilon. Tana isa sama masu lilon suka kashe injin suka sa kwaɗo.

Ta taso a hankali, rigar na kaɗawa. Ta sha kwana ta farko, ta sha ta biyu, sai na ga ta rusuna ta maƙale sandunan zamiyarta a hammata, kamar yadda take yi a tsere. Wastl ya buɗe hannuwa, ta wuce shi fuu, ta watsa masa ƙanƙara a gemu.

Na same ta a ƙasa ita kaɗai tana haki. Can sama hannun Wastl har lokacin a buɗe yake.

"Haba Gundi, me ya hana ki tsayawa?"

"Na gan su, Loisl," ta ce. "Ƙafafun ne suka ƙi. Mayar da ni sama."

Na waiwaya na dubi lilon. Kujerun suna rataye, ko motsi babu.

Daga baya tsofaffin sun lallaɓo ƙasa, aka rungumi juna a wurin ajiye motoci, har da dariyarta. Da yamma na hango ta ta taga, tana mayar da rigar inda ta ɗauko ta.