Hular Kwanon Raliatou

Ni ce na yi wa Raliatou kitson da ta je sayen hular kwano da shi, kuma ni ce na tsefe shi da hannuna. Shekara ashirin ina kitso a hawa na tara a unguwar Minguettes, gefen birnin Lyon, kawunan mata sun fi dubu da suka ratsa tsakanin gwiwoyina, amma wannan kan ne kaɗai yake hana ni sakewa har yau.

Sunana Zouera, 'yar Damagaram. Ita Raliatou 'yar Maraɗi ce, na girme ta nesa ba kusa ba, Tanti take ce mini. A 2004 ta zo Faransa karatun aikin jinya, ta yi shekara shida a Bobigny, can gefen Paris, sannan ta auri Moutari mai tuƙa injin ɗaga kaya a wani sito na Vénissieux, ta biyo shi Lyon. Aikinta bin gidajen tsofaffi: allura, wankin gyambo, awon sukari. Mutum goma sha huɗu a wuni. 'Yar siririya ce, ga baki, ga taurin kai, ba ta iya tafiya a hankali ko a cikin ɗaki. Da jiran bas ya ishe ta sai ta sayi moto, wato babur, irin ƙaramar nan da ake zama ƙafa a haɗe. Matan unguwa suka yi ta tsegumi, wai matar aure a kan moto. Ni kuwa daɗi na ji, na ce duk wadda abin ya dama ta rufe tagarta.

Saura kwana uku babbar Sallah ta 2012 ta zo mini kitso. Shuku na yi mata, na zuba ƙarin gashi har ƙulli uku, na tattara shi tsakiyar ka ya yi tudu. Wallahi ya yi kyau, ba yabon kai ba. Washegari ita da Moutari suka je kantin kayan moto, ga shuku, ga ɗankwali mai kauri a bisansa.

Wani saurayin Bature ne mai kantin. Ya ɗauko igiyar awo, ya ce cikin ladabi ta cire ɗankwali, kuma in da hali ta dawo ranar da gashinta yake kwance. To ke kin ji! Ta tuɓe ɗankwali gaban namiji a tsakiyar kanti, ga mijinta a tsaye? Ta ce a auna haka nan. Aka kawo ƙarama, ta ƙi shiga. Aka kawo ta tsakiya, ta danne mata kitso, ta ce za ta ɓata mata kwalliyar Sallah. Sai babbar duka ta zauna daram. Mu kuma ga halinmu, ko takalmi muke saye sai mun bar ɗan sarari. Yaron ya ce, "Madame, wannan awon gashinki ne, ba na kanki ba." Ta biya ta fito. Da take ba ni labari tana kwaikwayon muryarsa, ni ma dariya na yi, Allah ya yafe mini.

Bayan wata guda ta dawo, na tsefe mata don a wanke kai. Don wasa ta kifa hular a kanta, ta ɗaure maɗaurin haɓa, ta ce in duba direban jirgin sama. Ta juya kai, hular ba ta bi ta ba. Tana nan tana lilo kamar ƙwarya a kan tabarya. Na sa yatsa ɗaya ta baya na tura, hular ta zamo ta rufe mata idanu. Na ƙara turawa, ta fita fit ta faɗi kan tabarma, maɗaurin yana ɗaure. Na ɗauko ta daga ƙasa.

Na ce, "Ke Rali, wannan ba hula ba ce, kwanon awo ne. In kin faɗi, ita za ta riga ki sauka."

Ta ce, "Haba Tanti, ai ke ce maganin abin. Ki dinga yi mini shukun nan, shi ke nan."

Haka aka yi. Duk bayan mako huɗu ta zo, in tsefe, in wanke, in mayar da shuku da ƙulli uku kafin ta bar ɗakin. Wata takwas muna haka. In na hango ta daga taga tana bin gefen layin tiram, jirgin nan na cikin gari, sai in bi ta da ido har ta sha kwana. Amma in faɗi gaskiya, har da jin kai a ciki: ina gaya wa mata kitsona ne ke riƙe da hular Raliatou. Ban ƙara matsa mata ta sake wata ba.

Azumin 2013 ya ƙarato, saura mako guda, ta shigo ranar Laraba ba ta riƙe da ledar gashi. Ta ce ta ji wa'azi a kan ƙarin gashi, zuciyarta ba ta kwanta ba, tana so ta shiga azumi da gashin da Allah ya ba ta. Me zan ce? In ce ta saɓa wa Allah saboda hula? Na zaunar da ita na tsefe. Nata gashin gajere ne mai laushi, na yi mata 'yan ƙanana kwance. Da na gama sai na ga kan ya koma ɗan mitsitsi, kamar na yarinya 'yar shekara goma, ga jijiya tana bugawa a gefen goshi. Hular tana ajiye bakin ƙofa, na kasa daina kallonta.

Na ce, "Ba za ki ƙara hawa moto da wancan abin ba. Akwai kanti cikin gari da mace ke awo, gobe ni da ke za mu."

Ta amsa da to. Da yamma sai ga waya daga Bobigny, wata Hajiya za ta aurar da 'yarta ranar Asabar kafin azumi ya kama, tana so in zo in yi wa amarya da ƙawayenta kitso. Raina ya biya, an tsallake duk masu kitson Paris an nemo ni. Na kira Raliatou na ce mu ɗaga zuwa Litinin, kafin nan ta shiga bas.

"Ki rantse mini," na ce.

"In sha Allahu, Tanti."

Na san ba rantsuwa ba ce, na ji sarai. Amma na kashe wayar na hau haɗa kaya.

A Bobigny hannuna na cikin kan amarya, hankalina na Lyon. Sau biyu ina karkata tsaga, abin da ban yi ba tun ina budurwa. Ranar Juma'a da hantsi na kira ta. Muna cikin gaisuwa na ji ƙarar makullai, sai kuma wani ɗan sauti, ƙas. Na san shi, maɗaurin haɓa ne. Na tashi tsaye da matsefi a hannu na hau ta da faɗa. Ta ce akwai tsohuwa mai ciwon sukari da ke jiran allura, bas zai makarar da ita, kuma ta cusa ɗankwali na biyu a cikin hular, ta kama ta tsam. "Ça va aller, Tanti, ba abin da zai faru," in ji ta, ta kashe.

Asabar ƙarfe goma na safe Moutari ya kira. Mutumin da sai ya tambayi gida da gajiya da sanyi kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, ran nan ko sallama bai yi ba. "Tanti," kawai ya ce.

Yayyafi aka yi. Tayar gaban moton Raliatou ta zame a kan ƙarfen layin tiram. Ba gudu take ba, ba mota ta buge ta ba, gwiwarta ma ƙujewa kawai ta yi. Waɗanda suka gani sun ce hular ta gangara har tsallaken hanya, ita kuma kanta ya sauka kan dakalin gefen titi.

Kwana goma sha ɗaya ba ta san inda take ba. Ta rayu, alhamdu lillahi. Amma hannun da ke yi wa tsofaffi allura ko cokali ba ya riƙewa yanzu, magana kuma takan kama ta ta suɓuce mata a tsakiya. Moutari ya kawo mini hular a leda, ya ce ba ya iya ganinta a gidan. Ɗan ƙarce ɗaya ne a jikinta, maɗaurin a ɗaure, ɗankwalin na nan a cuse ciki. Tana bisa kabad ɗina. Duk macen da ta zo mini a kan moto, sai na tsefe ta, na kifa mata tata hular, na tura da yatsa. In ta motsa, ba ni yi mata kitso sai ta sake wata. Suna ce mini masifaffiya, su yi ta faɗa.

Shekara biyar ke nan, duk bayan mako huɗu nake zuwa gidansu. Ina yi mata 'yan ƙanana, ina kewaye tabon ɗinkin da ya taso daga bayan kunne zuwa tsakiyar ka, inda gashi ya ƙi fitowa. Ranaku sun rikice mata, sunana ma wani lokaci sai ta lalubo shi. Amma duk zuwan da na yi, ina kaiwa wajen tabon sai ta kamo wuyan hannuna da hannunta mai lafiya.

"Tanti, yaushe za mu je kantin nan?"

"Litinin, Rali," nake ce mata, in ci gaba da kitso.