Mundayen da Na Tsoma a Ruwan Gwal

Shekarar da motoci suka bar hannun hagu suka koma hannun dama, a ita ce na fara tsoma azurfa cikin ruwan gwal. Na riƙe shekarar ne don ranar da na je Gusau koyon aikin, direbanmu ya manta ya bi tsohon hannu, muka kusa haɗuwa da motar gyaɗa.

Ni maƙerin fari ne, haihuwar Tsafe. Ƙirar azurfa na gada wurin mahaifina, kuma ban iya komai ba sai ita. Wannan rubutun ma sai da furfura ta fito mini na koye shi a ajin yaƙi da jahilci. A waɗancan shekarun 'yan koli suka cika kasuwanni da awarwaro da 'yan kunne masu ɗaukar ido, marasa nauyi. Mata su zo su wuce shimfiɗata ko kallo babu, su taru inda ake ƙyalli. Azurfa ba ta ihu. Haskenta a kwance yake, sai ka matso.

Wani mutum a Gusau ya nuna mini dabarar. A jiƙa azurfar a ruwan batir, a dirje ta da burushin waya, sannan a tsoma ta a ruwan kwalbar da yake sayarwa. Ta fito jawur kamar zinariya. Abin da bai faɗa mini ba, wata uku take yi ta fara koɗewa.

Ranar wata kasuwar Bungudu, wata dattijuwar Bafillatana daga rugagen wajen Furfuri ta sauke ƙwaryar nononta a gabana. Ta zare mundaye huɗu daga hannunta ta aje. Ina ɗaga ta farko na gane hannun mahaifina. Yana da wani zane da yake yi da ɗan ƙaramin kurfi, ƙarfen buga ado, kamar sawun tsuntsu a kan laka, yana zagaye munduwa ba ka ganin inda ya fara. Ya rasu ban gama koyonsa ba, kuma babu munduwa mai zanen ko ɗaya da ta rage a gidanmu.

"Inna, ina kika samo waɗannan?"

"Wurin wani maƙeri mai faɗan tsiya a Tsafe, lokacin muna zaune wajen Bilbis. Ina amarya."

"Babana ne."

"To Allah shi jiƙan shi. Kai dai ba ka gado faɗan ba, na ga alama. Tsoma mini su, su yi ja."

Na ce mata waɗannan sun fi ƙarfin tsomi. Na ce in wanke mata su da tsamiya da toka, su yi fari tas. Ta yi dariya har da tafa hannu.

"Ɗan maƙeri, kai ka san ƙarfe, ba ka san ido ba. Ka taɓa kora shanu da rani? In suka hango wani abu yana walƙiya can nesa, ba ka iya tsare su. Ko kwanon rufin ɗaki ne, su ruwa suka gani. Mu ma haka Allah ya yi mu. Ɗiyata ta ce nawa sun yi duhu awa gindin tukunya. Ka tsoma ko in kai wa na can bakin tasha."

Na san na bakin tasha. Da magagari yake kankara. Na ce a raina gara hannuna da nasa. Na tsoma.

Da ta zura su, sai ta ɗaga hannu tana juya shi a rana, ta manta da nonon, ta manta da ni. Ba zan ɓoye ba, ni ma idona ya kasa barinsu.

Bayan wata uku ta dawo. Gumi da sabulu da wankin ƙwarya sun ci ruwan gwal ɗin, mundayen sun yi dabbare-dabbare kamar mai makero. Sun fi da muni nesa ba kusa ba. Ba su koma fari ba, ba su tsaya ja ba. In za a mayar da su fari sai an dirje. In za a sake tsomawa ma sai an dirje. Kowace hanya na bi, ta kan zanen za ta bi.

"Inna, mu kankare sau ɗaya mu bar su farare."

"Bayan duk ruga ta gan ni da ja? A ce mi, tsohuwa ta talauce?"

Daminar da ta biyo ba ta yi ba. Shanunsu suka riƙa faɗuwa. Na ɗauka za ta daina zuwa, sai ma ta ƙara matsowa. Ta rame, ƙwaryar ba ta kai rabi ba, amma ta aje mundayen ta ce, "Wanga kaɗai ya rage da in na duba nake jin sanyi." Wa zai ce mata a'a? Kuma ba ita kaɗai ba ce. Duk wadda na taɓa tsoma wa sai ta dawo, har na wayi gari ba na hura wuta, zuga-zugina ya bushe ya tsage. Na zama mai wanki da tsomi. In na daina, gidana ba tuwo. In na ci gaba, ina goge aikin mutanen da suka fi ni.

Duk zuwanta ina shafa zanen da babban yatsa kafin in jefa a ruwan batir. Da fari yana kama fata. Daga baya sai na karkata shi a rana nake ganinsa. Na gwada kwaikwayonsa a kan guntun tagulla, ina kallo ina bugawa, bai fito ba. A lokacin ban san riƙon fensir ba, balle in zana shi a takarda in aje.

A tsomi na bakwai ɗaya ta karye a hannuna, ta yi siriri har ta gaji. Na nuna mata. Ta juya guntayen, ta ce in narke su in yi mata zobe, in tsoma. Na yi. Bayan wannan suka tashi da sauran shanun suka yi kudu, ban sake ganinta ba.

Ga lissafin abin da tsomin ya ci. Mundaye huɗu ta kawo. Ɗaya ta karye, uku sun tafi sumul, babu zane ko ɗigo. Zuga-zugi ɗaya. Fatar yatsuna uku da ruwan batir ya ƙone, har yau ba sa jin zafi ko sanyi. Shekara biyu.