Injin da Yayana Ya Ce Nasa Ne

Shekarun baya, da na gama jami'a a arewacin Aljeriya, na sauko Tamanrasset wurin yayana in ɗan zauna kafin in wuce gida Damagaram. Abin ya jima, kuma a lokacin hankalina ba a kwance yake ba. Mai yiwuwa na haɗa wata rana da wata, ko na sa wa wani maganar da ba shi ya faɗe ta ba. Inda ban tabbata ba, zan faɗa.

Yayana yana da shago a unguwar da 'yan Nijar suka fi yawa. Shinkafa, taliya, mai, shayi, sabulu, irin waɗannan yake sayarwa. A bayan shagon akwai wani ɗaki da muke kira ɗakin ajiya. Samarinmu masu aikin gini ba su da makwanci mai makulli. Idan mutum ya samu aiki a nesa, kamar Silet ko In Ekker, sai ya kawo katifarsa ko jakarsa ko kayan aikinsa ya bar wa mai shago. Ba a biyan komai, ba a buɗe kayan, kuma ba a tambayar mutum inda ya samo su. Ka tambayi ɗan garinku haka, ka zage shi ke nan.

Akwai kuma wata al'ada da ke tafiya da wannan. Idan ma'aikatan hukuma suka shigo bincike suka ce kayan wane ne, mai shago cewa yake nasa ne. Dalili kuwa, da zarar ka ce na wane ne, sai a ce yana ina, sai a ce yana da takardun zama? Galibin samarin nan ba su da su.

Wata safiya na fita gari, na dawo na tarar da shagon a rufe. Maƙwabcinmu mai sayar da yadi, dattijo ne ɗan Maradi, ya ja ni gefe. Ya ce jandarma sun zo, sun wuce kai tsaye ɗakin ajiya, sun fito da wani buhu, a ciki akwai injin ban ruwa. Suka tambayi yayana na wane ne, ya ce nasa ne. Suka ce ina ya samu, ya ce saya ya yi. Abin da bai sani ba shi ne saurayin da ya kawo buhun yana cikin motarsu da ankwa a hannu. Daga wani lambu a Tit ya sato injin, kuma da aka kama shi sai ya ce ya sayar wa mai shago. Maganar ɓarawo da ta yayana suka zo daidai.

"To ɗan lekkol, mai karatun boko, ga ranarka ta zo," in ji maƙwabcin. "Je ka yi musu Faransanci su sako shi."

Na ce, "Baba, duwatsu fa na karanta, ba shari'a ba."

"Karatu dai karatu ne. Tashi."

Na tafi. Na yi Faransanci, na yi Larabci, na yi ladabin da ban taɓa yi wa malamaina ba. Wanda ke bakin buro, wato ofishin jandarma, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in nemi lauya, don maganar ta riga ta wuce wurinsu. Ana tuhumar yayana da karɓar kayan sata, kuma zai zauna a kaso, wato gidan yari, har ranar shari'a.

Lauyan da 'yan kasuwa suka haɗa ni da shi mutum ne mai ƙarancin magana. Na yi masa tambayoyi masu yawa, wasu na maimaita su har ya fara kallon agogo. Abin da na fahimta, kuma ina fata na fahimta daidai, shi ne samun kayan sata a ɗakinka ba shi kaɗai ke sa a hukunta ka ba, sai an gamsu ka san na sata ne. Amma ɗan kasuwar da ya ce ya sayi injin lambu a hannun lebura, ba shaida, ba tambaya, alƙali zai ce ya sani. Idan aka same shi da laifi, akwai ɗauri, kuma bayan ɗaurin wataƙila a karɓe takardar zamansa a mayar da shi iyaka. Shagon da ke ciyar da matarsa da 'ya'yansa da mahaifiyarmu, shi ma ya tafi ke nan.

"Hanya ɗaya ce," in ji lauyan. "Ya tsaya gaban alƙali ya ce abin da ya faɗa da farko ba gaskiya ba ne, ya bayyana dalili."

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Ranar ziyara na je na gaya wa yayana, ya dube ni ta bayan ragar ƙarfen da ta raba mu kamar na zo da maganar yara.

"Ni da gemuna, in tsaya gaban jama'a in ce na yi ƙarya?"

"Yaya, ai ba saya ka yi ba."

"Na sani ba saya na yi ba, ni zan gaya maka. Kai ka san kayan mutum nawa ne a ɗakin nan? In na ce ajiya ce, za su ce sauran na su wa. Ka ga mota ta tsaya a wurin aikin gini ta kwashe 'ya'yan mutane saboda bakina? Iyayensu a can gida ni suka sani."

Na ce bari in sake tambayar lauya.

"Kai kullum bari ka sake tambaya," ya ce. "Ka kula da shagon, kada ka ba mai gyaran babur bashi."

Na sake tambayar. Lauyan ya ce ba zai iya yi mini alkawarin ba za a bi sawun masu kayan ba. Na dawo gida. Kwanakin nan ban iya cin abincin kirki ba. Matar yayana, wadda mijinta ne ke kaso, ita ke lallashina. Ta ajiye mini kwano ta ce, "Ci, malam. In ka faɗi, wa zai riƙa kai mana tambayoyi wurin lauya?"

A cikin kwanakin ne samarin suka fara zuwa. Labari ya kai musu cewa jandarma sun shiga ɗakin ajiya. Ɗaya bayan ɗaya suke zuwa, galibi bayan sallar azahar lokacin da titi ba kowa. Mutum zai gaishe ni, ya yi jaje, ya ce, "Babban yaya, 'yar jakata." Ni kuwa in buɗe masa ya ɗauka. Ban san ko daidai nake yi ba. Kullum ina tunanin ko wannan ma laifi ne da za a kama ni a kai, har sai da na tambayi lauyan, ya ce ba a rufe ɗakin da umarnin kotu ba, mutum na da ikon ɗaukar kayansa. Amma ya yi tsaki, don ya so a ce ɗakin yana cike, alƙali ya ga yawan kayan ya gane wurin ajiya ne.

Kafin a jima ɗakin ya kusa zama fanko. Na tsaya a tsakiyarsa wata rana ina jin na lalata wa yayana shaidarsa. Ba abin da ya rage sai akwatin kayan aikin wani tsohon magini, da keken ɗinkin wata mata 'yar Agadas, da wasu buhunan maƙwabcinmu mai yadi. Ina kallonsu sai na tambayi kaina me ya hana masu su zuwa. Amsar a fili take: duk suna da takardun zama, ba abin da suke tsoro. Waɗanda yayana ke karewa sun riga sun kwashe nasu sun watse.

Na bi su ukun. Maginin ya ce zai zo kotu in dai ba za a tsayar da shi yini guda ba. Matar ta ce shekara da shekaru take barin kekenta a nan duk sa'ad da ta je gida, zare ɗaya bai taɓa ɓata ba, za ta faɗa a ko'ina. Maƙwabcin kuwa cewa ya yi, "Da ma jira nake ka tambaye ni."

Saura kunyar yayana. Wannan ba ni zan iya da ita ba, don ƙane ba ya gaya wa wansa ya sunkuyar da kai. Na kira mahaifiyata a salula, wadda har lokacin muke ɓoye mata rabin labarin, na gaya mata duka. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ba ni saƙo, ta sa na maimaita mata don kada in rage ko in ƙara, ta san halina na tausasa magana.

Ranar ziyara na ce, "Yaya, ɗakin ba kowa. Duk mai tsoro ya ɗauki nasa. Ba wanda bakinka zai jawo wa wani abu."

Na ci gaba.

"Kuma Inna ta ce in gaya maka, ƙaryar da ka yi don ka rufa wa 'ya'yan mutane asiri, Allah ya ga dalilinta. Amma wadda kake riƙe da ita yanzu don kada a ce ka yi ƙarya, ta kanka ce kawai. Ta ce naka 'ya'yan ma suna da uba, ka mayar musu da shi."

"Kai ka gaya mata?"

"Ni ne."

"Ɗan banza," ya ce a hankali. Can ya ƙara da cewa, "Ka kawo mini farar rigata ranar."

An yi zaman ne ranar Lahadi in ban manta ba, don a can ita ce farkon mako. Yayana yana jin Larabcin kasuwa, amma lauyan ya nemi tafinta. Da aka ba yayana dama ya miƙe ya ce da Hausa, "Abin da na gaya wa jandarma ba gaskiya ba ne. Ban sayi injin ba. Ajiya aka kawo mini, ban buɗe buhun ba." Alƙalin ya tambaye shi me ya sa ya ce nasa ne. Ya ce haka suke yi, duk abin da ke ƙarƙashin rufinka kai ne mai amsa shi, ba ka jefa mai ajiya cikin tambaya. Alƙalin ya ɗaure fuska ya ce al'adar nan ta kusa cinye shi.

Shaidunmu suka yi magana. Mai lambun ma yana wurin, wani dattijo Buzu. Da aka tambaye shi, ya ce bai san mai shagon ba, ba shi da magana a kansa, injinsa kawai yake so don shukarsa tana bushewa.

Sai aka tsayar da saurayin. Ya fara maimaita cewa sayarwa ya yi, amma idonsa yana ƙasa. Yayana, ba tare da an ba shi izini ba, ya juya ya ce masa, "Ɗana, ranar da ka shigo da buhun nan, na ba ka ruwa ka sha. Me ka ce mini?"

Alƙalin ya buga tebur. Saurayin dai ya riga ya amsa. "Na ce ajiya ce, Alhaji. Na ce zan dawo." Tafinta ya juya wa kotu. Daga baya saurayin ya ce ya yi tsammanin in ya ce ya riga ya rabu da injin, nasa laifin zai ragu.

Ba a ranar aka yanke ba, sai zama na gaba, kuma tsakanin zaman biyun na dami lauyan nan fiye da yadda ya kamata. An wanke yayana. Da ya fito ya rungume 'ya'yansa, sannan ya juyo gare ni ya tambaya ko na ba mai gyaran babur bashi. Ban ba shi ba. Ranar na ci tuwo kwano biyu, na kwanta tun kafin la'asar.

Yau yayana yana nan a shagonsa, kuma bai daina karɓar ajiya ba. Ya ce in kowa ya rufe ɗakinsa, ina yaran za su kai katifunsu? Abin da ya canza shi ne yanzu sai mai kaya ya buɗe a gabansa. Wasu sun ji haushi sun koma wani shago, wasu sun saba. Ni har yanzu ban iya cewa al'adar da ta jefa shi kaso kuskure ce ba, don na ga idanun samarin da suka zo ɗaukar jakunkunansu. Abin da zan iya cewa, in naku ya shiga irin wannan, ku nemi lauya tun da wuri, ku gaya masa gaskiyar har da wadda ba ta da daɗi. Ni ba masanin shari'a ba ne, kada kowa ya ɗauki labarina a matsayin doka.

Akwai waɗanda suka halarci zaman kotun da ke karanta abin da nake rubutawa. In na karkata a wani wuri, don Allah ku aiko mini in gyara. Musamman abu ɗaya da muke jayayya a kai har yau. Ni na ga hawaye a fuskar yayana lokacin da aka ce an sallame shi. Shi kuwa ya ce mura ya kwaso a kaso. Wanda ya zauna kusa da shi ya raba mana gardama.