Wa Ya Karɓe Makullin Malam Armiya'u?

A gidan suna na fara jin maganar, nan Kaura Namoda, a bakin wata mata mai raba goro. Wai Malam Armiya'u, akantan ƙungiyar nan da ke tara zakkar hatsi daga manoman Kaura da Zurmi da Shinkafi, an kama shi yana rage buhuna. Wai manya sun rufa masa asiri don kada a kai shi gaban alƙali, ga Shari'a ta shigo da zafinta, sai suka karɓe makullin sito daga hannunsa suka bar shi da biro. Na ce da ita, "Wa ya gani?" Ta ce, "Haba Malama, ai kowa ya sani." Na tsufa ina koyarwa, kuma ban taɓa ba ɗaliba maki a kan "kowa ya sani" ba.

Da na bar zancen a nan, sai ga Turai ta zo gidana. Matarsa ce, kuma ɗalibata tun tana 'yar firamare. Ta zauna a bakin tabarma, ko mayafi ba ta cire ba.

"Malama, na bar zuwa biki," in ji ta. "In na shiga ɗaki sai in ga mata suna jawo jakunkunansu kusa da cinya. Ga shi zai aje aiki mu koma Sakajiki, zancen kuwa ya riga mu isa can."

"Shi mi ya ce?"

"Ya ce shi ya ba da makullin da kanshi. Dariya anka yi mashi."

"Ke kin yarda?"

"Ina son in yarda, Malama."

Ban ga laifinta ba. A ƙasar nan wa ke sakin makulli yana da rai? Na san hedimastan da ya yi ritaya da makullin kabad ɗin makaranta a aljihu, sai da aka kira kafinta. Saboda haka ban gaskata mai goro ba, ban kuma gaskata Armiya'u ba. Na ɗauki lemata na nufi siton.

Da hantsi Armiya'u yakan iso, a kan tsohon babur ɗinsa mai tari. Yakan share ofis da kansa, ya gaida masu jira ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗauki tsumma ya goge wani faffaɗan kwali da ke manne a bango. Duk wanda ya zo da tambaya, ba ya amsa masa daga kujera. Tashi yake ya ja shi gaban kwalin, ya ɗora yatsa. Da ya gan ni ya durƙusa zai gaishe ni, na ce ya tashi, ba wurinsa na zo ba, wurin bangonsa na zo.

Zane ne na tafiyar buhu, tun daga hannun manomi har hannun mai karɓa. Kowane aiki da akwatinsa, kowane akwati da rubutu, boko a sama, ajami a ƙasa, kibiyoyi kuma suna nuna abin da ke bin wani. Rasit ma da siffarsa dabam, mai lanƙwasa a gindi, don a bambanta takarda da aiki. Ba hoton mai rai ko ɗaya. Mudi, dattijon da makullin ke hannunsa yanzu, shi ya tsaya yi mini bayani.

"Mu da farko hatimi munka ɗauka, Hajiya," ya ce yana dariya. "Har na ce ya zana mani na farin jini."

Ya bi da ni kibiya kibiya. Manomi ya kawo hatsi, mai awo ya auna ya rubuta rasit da kabon a ƙasa. Farar takardar ta manomi ce, ɗaya ta tafi wurin akanta, ɗaya ta bi buhu cikin sito. Mai makulli ba ya rubutu. Mai rubutu ba ya taɓa makulli. Rabo kuma ba a ofis ake yanke shi ba, unguwanni ke aiko da sunayen mabukata, liman da mai unguwa su shaida. In wata ya ƙare, akwai wani akwati a karkace mai tambaya guda: abin da ke takarda da abin da ke sito sun yi daidai? Kibiya biyu suka fita daga gare shi. Ta "I" ta wuce gaba. Ta "A'a" kuwa na bi ta da yatsa, sai na ga ta tsallake akwatin akanta, ta zarce wurin shugaba da liman.

"To in ni da kai muka haɗa baki fa?" na tambayi Mudi.

"Sai ki saye mai awo, ki saye akanta, ki saye manomin da ke riƙe da tashi takarda. Kan ki gama saye, Hajiya, hatsin kasuwa ya fi maki araha."

Abin ya burge ni, amma bai amsa tambayata ba. Wanda aka kama ma yana iya zane mai kyau. Na juya wurin Armiya'u na ce ya gaya mini yadda aka yi aka zo nan. Sai ya jawo wani tsohon kwali daga bayan ƙofa.

Lokacin da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, in ji shi, waɗanda suka san aikin ƙungiyar duk suka watse, wasu Sakkwato, wasu Gusau neman sabbin kujeru. Komai ya dawo kansa: shi ke awo, shi ke rubutu, shi ke buɗe sito, shi ke rabo. Da Shari'a ta zo, masu fitar da zakka suka ƙaru, aikin ya ninka. Sai wata kaka babur ya kayar da shi a hanyar Galadi, ƙafa ta karye. Yana kwance a gida, da ba abin yi, ya ce bari ya zana aikin yadda aka koya musu a makarantar akanta, ko wani ya riƙe masa kafin ya warke.

Ya miƙo mini kwalin. Ba sai an yi mini bayani ba. Kibiyoyi ne daga ko'ina, kamar tururuwa sun ga suga, duk sun taru a akwati guda. A cikin akwatin an rubuta Armiya'u.

"Da na gan shi, tsoro ya kama ni, Malama," ya ce. "In na mutu, aiki ya mutu. In kuma na ci, ba mai sani."

"Ka ci?"

Bai ji haushi ba. "Ban ci ba. Amma wanda zai gaje ni ban san shi ba. Ni kaina ban san halin da gobe za ta same ni ba."

Magana ce mai daɗi, amma bakin mai ita ce. Na nemi wani bakin. A Zurmi aka haɗa ni da Gwaggo Asta, Bafulatana, mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki. Ta tuna kakar da ƙafar ta karye sarai.

"Na yi ta zuwa Kaura da buhuna a naɗe, in komo da shi a naɗe. Hatsi na ciki, muna jin ƙamshinai ta ƙasan ƙofa, mai makulli na kwance gida. Yanzu ko shi ya tafi Makka, ana buɗewa." Ta ce da ya warke ya zo Zurmi da kwali irin wancan, ya tara su a inuwa, ya bi musu shi da kara. "Ni ban iya karatu ba, amma na san hanyar. In anka auna mani ba a ba ni takarda ba, nan zan zauna in yi ta ihu har liman ya zo."

Saura shugaban ƙungiyar, Alhaji Maiwada, mai fataucin hatsi a Shinkafi. Ranar kasuwa na biya na ɗauki Turai, muka shiga motar mata. Na ce mata kada ta ce komai, kunne kawai nake so ta kawo. Muka same shi a rumfarsa, na yi masa tambayar ba kwana.

Ya tafa hannu. "Karɓewa? Malama, roƙonai na yi ya riƙe! Ya zo nan da sanda, yana ɗingishi, da kwalayenai a hammata. Na ce, Armiya'u, wanga zane naka ya yi, amma ka bar makullin gare ka, in ka sake shi cewa za a yi kora ce. Ya ce sai an auna duk abin da ke sito gaban shaidu tukuna. Munka auna, ya cika. Ya aje makulli nan kan buhun ga, ya ce in ba wanda ba ya rubutu."

"To me ya hana ku faɗa wa jama'a?"

"Mun faɗa mana! A babban taro, bayan Juma'a."

"Mata nawa ne a taron?"

Ya gyara hula.

Ga inda aka yi ɓatan kai. An faɗi gaskiya a ƙofar masallaci, ƙarya kuwa tana cikin gida tana zagaya ɗakunan suna da na biki, ba su taɓa haɗuwa ba. Muka fito ni da Turai. A bakin tasha ta ce in jira ta, ta shiga rumfar masu sabulu. Wai maƙwabciyarta ta haihu, jibi suna, ba za ta je hannu sake ba.

Malam Armiya'u, kai ne ka kalli aikinka a takarda ka ga ka yi yawa a cikinsa, ka rage kanka da hannunka. Makulli a ƙasar nan ba ƙarfe ba ne kawai. Shi ke sa a tashi in ka shigo, shi ke kawo zabi har gida da kaka. Ka san haka, an kuma gaya maka abin da za a ce, ka aje shi duk da haka. Mai kibiya, za ka koma Sakajiki ka bar aikin da ba ya jiranka. Na gode maka, a madadin Gwaggo Asta da irinta da ba su san sunanka na gaskiya ba, "mai kwali" kawai suke cewa. Allah Ya saka maka, Ya ƙara wa ƙafar nan lafiya.

Ku kuma masu riƙe da sito da asusu, na makaranta ne ko na masallaci ko na adashen unguwa, ku samu kwali da biro ku zana yadda abu ke shiga da yadda yake fita. Ku duba inda kibiyoyin suka taru. Wannan rubutu zan kai shi Islamiyyar matan aure in karanta da bakina, a Kaura da Sakajiki. Wadda ta ji ta kai wa wadda ba ta zo ba, kamar yadda aka kai wancan zancen.

Ba a kama Malam Armiya'u da komai ba. An auna hatsin gaban shaidu, ya cika. Ba wanda ya karɓe masa makulli. Shi ya kai shi Shinkafi da kansa, aka ce ya riƙe, ya ƙi.