Dusar da na ƙi a rubuta wa farashi

Shekarun baya, lokacin da nake zama da kaina a injin casar shinkafata da ke hanyar Kura, ba ni da tsayayyen farashi. Kuɗin casa kowa ya san shi. Amma cire tsakuwa, goge shinkafa ta yi fari, ɗinkin buhu, kaiwa gida a adaidaita, waɗannan sai na kalli takalmin mutum sannan na yanka masa. Dusa kuwa ba a maganarta. In ba ka tambaya ba, tawa ce, in tara in sayar wa masu kiwo.

Da kaka layi kan kai bakin titi, har a yi dambe. Sai babbar 'yata, wadda ta yi karatun kwamfuta a Kano, ta ce za ta buɗe mana shafi a intanet, mutum ya kama layi ta waya, ya zaɓi rana da aikin da yake so. Na ce to, don ni ko saƙo sai an karanta mini.

Ran da ta gama ta zauna tana karanta mini. Casa a sama da kuɗinta. A ƙasa kowane ƙarin aiki da nasa farashin, da ɗan akwati a gefe, wanda ya so ya taɓa. Har nan ina gyaɗa kai. Sai ta kai layin ƙarshe: “Dusa: ka tafi da abinka, ko ka bar mana a rage maka kaza.”

Na ce, “Ke, goge wannan. Sauran kuma ki taɓa musu akwatunan tun daga nan, wanda ya lura ya cire.”

Ta ce, “Baba, wanda bai lura ba fa?”

“Shi ya jiyo.”

“Yawancin masu kawo mana aiki matan da ke turara shinkafa ne a cikin gida. Su ne ba za su lura ba. Dusar nan kuma daga buhun wa ta fito?”

Na yi faɗa, na ce boko ya sa tana koya wa ubanta sana'a. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce injina ne, in na ce a rufe shafin za ta rufe, amma hannunta ba zai taɓa wa kowa akwati ba. Gaskiyar magana, ba ribar dusa ce ta fi damuna ba. Tsoro nake ji mutane su ga layin nan su gane abin da na daɗe ina yi. Kwana biyu ba na amsa gaisuwarta sosai. Da na ga layin masu kawo casa na neman kashe ni, na ce ta bar shafin yadda take so.

Ba a yi mako ba sai ga matar marigayi abokina daga wajen Bunkure, dattijuwa mai turara shinkafa da kiwon tumaki. Ta tsaya a bakin injin da wayarta a hannu.

Ta ce, “Alhaji, an karanta mini abin nan naku. Ashe dusar da nake aikowa a saya wa tumakina a wurinka, ta shinkafata ce?”

Injin na ta ƙara, amma na ji kamar kowa ya ji. Na cire hula na mayar. Na ce, “Taki ce, Hajiya. Ki yafe ni.”

Ta ce, “Tumakin ne za ka roƙa, su suka sha ƙaranci. Ni dai ba zan bar zuwa ba, saboda yarinyar da ta rubuta wannan. A ce mata Allah ya yi albarka.”

A shekarar na kai mata dusa har gida, na bi wasu ma da na iya tunawa. Wasu sun rasu, ban same su ba, kuma wannan yana nan a raina.

Yanzu 'yar tawa ce ke riƙe da injin. Akwatunan suna nan babu wanda aka taɓa, kowa da hannunsa yake zaɓa. Na yi shekara da shekaru ina koya mata ta ji tsoron Allah, ban san ta ɗauki maganar da gaske fiye da ni ba sai da ta ƙi bin umarnina.